Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin jihar Damagaram kan maganin da ake zuba wa kaji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mai girma Gwamnan jihar Damagaram, da daraktan kiwo na jiha, da daraktan kiwon lafiyar al'umma, da shugabannin hukumar birni. Ina kuma roƙon duk mai hanyar shiga fada ya isar da wannan takarda ga Mai Martaba Sultan, Allah ya ja zamaninsa, don akwai wurin da maganarsa ta fi takardar ofis shiga.

Ranku ya daɗe, barkanku da aiki, barkanmu da shigowar sanyi. Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne da ya yi aiki a likitocin karkara kafin ya aje, kuma ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. A fadar da muke zama da yamma akwai masu kiwon kaji a bayan gida, akwai mai gashi a bakin titi, matanmu da ƙannenmu mata kuwa kusan kowace tana da ƴan kajinta ko zabinta, kuma dukanmu iyaye ne masu ɗaukar yara zuwa likita. Su suka ce Malam kai da ka san bakin zaren ka rubuta, to ga shi na rubuta.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kowace shekara duniya ta ware mako guda don faɗakarwa kan yadda ƙwayoyin cuta suke daina jin magani. Makon ya zo ya wuce, mu dai a unguwarmu babu wanda ya zo ya ce da mai kaza ko uffan. Ga shi kuma sanyi ya kama, lokacin da kaji ke zubewa, kuma kowa a garin nan ya san abin da ake yi in kaza ta fara gyangyaɗi tana sakin fukafukai: a aiki yaro wajen mai tallan magani ya sayo kafso ja da rawaya na dala goma ko ashirin, a ɓare a zuba a ruwan shansu. Wannan kafson tetrasiklin ne, maganin mutane ne, ɗaya daga cikin antibiyotik, wato magungunan kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya. Ciwon da ya fi kashe kajin gida a wannan lokaci kuwa, wato Niyukasal, birus ne ke kawo shi, wata irin ƙwayar cuta daban da bakteriya, kuma antibiyotik ba ya taɓa birus ko kaɗan, ko buhu guda aka zuba. Kenan kuɗi sun tafi, kaji sun mutu, waɗanda suka tsira kuma an bar su da hanji cike da ƙwayoyin da suka ɗanɗani magani suka saba da shi.

Bari in ɗan tsaya a nan don shi ne gindin maganar, kuma na lura ko masu ilimi da yawa suna ɗauka jikin mutum ne yake sabawa da magani. A'a, ƙwayar cutar ce. A cikin hanjin kaza, ko mai lafiya lau, akwai ƙwayoyi irin su Salmonella da Campylobacter da E. coli, sau da yawa ita kazar ba su dame ta ba, mu suke damu. In aka zuba magani kaɗan-kaɗan a ruwa, yau a ba da gobe a manta, wata kazar ta sha da yawa wata ta ɗan tsoma baki, sai maganin ya kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai, su kuma su samu fili su hayayyafa, E. coli in ta samu yanayi mai kyau cikin kamar minti 20 take rabuwa biyu. Sara da sassaƙa dai ba ya hana gamji toho. Abin da ya fi muni shi ne suna iya miƙa wa junansu wannan taurin kai, ƙwayar da ba ta da lahani a cikin kaza ta ba wa mai lahani a cikin yaro. Daga nan sai hanya: kashin kaji a tsakar gida inda jariri ke rarrafe, hannun mai fiɗa, wuƙa, faranti, ƙwai mai kashi a jiki, naman da bai gasu har ciki ba.

Damuwarmu ta farko ita ce yadda maganin yake a warwatse kamar ba shi da mai shi. A kasuwa, a tasha, a kan tire, a bayan babur, ana sayar da na mutane da na dabbobi gefe da gefe, cikin rana, babu mai tambayar ordonans. Masu kiwon kajin turawa kuwa, waɗanda ke sayo ƴan tsaki daga Najeriya, sau da yawa tun ranar da tsakin suka iso ake haɗa su da ƴan fakitin gari, a ce na gajiyar hanya ne ko bitamin ne, alhali in ka juya bayan fakitin ka karanta za ka ga oksitetrasiklin ko tailosin ko enrofloksasin, wani ma har da kolistin a ciki. Mai kiwon bai sani ba, rubutun da Faransanci ne ko Ingilishi kuma ƙanana kamar tururuwa ta bi takarda, mai sayarwar shi ma abin da aka gaya masa yake maimaitawa.

Waɗannan sunaye da na lissafa ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe allura. Enrofloksasin ɗan uwan siprofloksasin ne, sipro ɗin nan da muke ba mai zawo da jini da mai taifot, har ma jikin dabba yana juya wani kaso na shi ya koma sipro. A Amurka sun ga Campylobacter ɗin da ke kama mutane tana daina jin sipro saboda abin da ake ba kaji, sai suka hana ba wa kaji enrofloksasin a 2005. Tarayyar Turai ta hana zuba antibiyotik a abincin dabbobi don su yi saurin girma tun 2006. Kolistin kuwa magani ne da likitoci ke ajiyewa sai komai ya ƙi, a 2015 aka gano a ƙasar Sin wata ƙwayar halitta da ake kira mcr-1 wadda ke sa ƙwayoyin cuta su ƙi jin shi, an same ta a aladu da naman kaji da majinyata, ba a jima ba aka riƙa ganin ta a ƙasashe da dama, a 2017 Sin ɗin ta hana zuba shi a abincin dabbobi. Su da suke da asibitoci da kuɗi sun ji tsoro sun ja birki, mu kuma ana auna mana shi da cokalin shayi.

Sai tailosin, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Danginsa ɗaya da azitromisin. Azitromisin ɗin nan a nan Nijar, a jihar Doso, aka yi gwajin raba shi ga ƙananan yara, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Shi ne kuma ake komawa gare shi in zawon Campylobacter ya yi tsanani. To don Allah ranku ya daɗe, ma'aikata ɗaya tana ƙoƙarin ceton yara da magani, a ƙofar gidan yaran kuma ana horar da ƙwayoyin cuta da ɗan uwan maganin a cikin kaskon ruwan kaji, kuma ofisoshin biyu kowa yana harkar gabansa, yaya za a yi wannan lissafi ya fita?

Na biyu maganar kwanakin jira. Duk maganin dabba na kirki an rubuta a jikinsa kwana nawa za a dakata bayan an daina bayarwa kafin a yanka ko a ci ƙwai, wasu ma an rubuta kada a ba kazar da ke yin ƙwan ci sam. Wa ke bin wannan? Gaskiyar magana in kaji suka fara mutuwa a keji, mai su ya zuba magani yau bai ga sauƙi ba, gobe da sassafe zai kwashe su ya kai kasuwa kafin asara ta cinye shi, jibi suna kan tukuba da yaji. Ba mugunta ba ce, jarinsa kenan gaba ɗaya, wataƙila ma bashi ne ko kuɗin adashin matarsa. Amma mai saye bai san ya sayi nama da ragowar magani ba, kuma wuta tana kashe ƙwayar cuta amma ba kowane ragowar magani take ƙonewa ba.

Na uku, wurin yanka da fiɗa. Shanu da awaki da tumaki suna da mahauta, akwai ma'aikacin da ke duba nama. Kaza fa? Ana yanka ta a gefen kasuwa, a tsoma a tukunyar ruwan zafi guda da aka tsoma ɗimbin kaji tun safe har ruwan ya koma kalar ƙasa ya huce, a fige, a farke ciki a kan katako ɗaya, a ɗauraye a bokiti ɗaya. In guda ɗaya ce ke ɗauke da Salmonella mai taurin kai to duk sun samu rabonsu. Kuma ban ga laifin yaran da ke wannan aiki ba sosai, mu da muke Damagaram ai ba sai an ba mu labarin wahalar ruwa ba, wanda ya sayi bido da tsada wajen mai garuwa ba zai zubar da shi bayan kowace kaza ba. Haɗa da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ɗaukewar wuta da ke mayar da firigo akwati kawai. Hanji da gashin kuma a watsa a kwata, karnuka da ƙudaje su raba wa unguwa.

Akwai wata hanya da mutane ba su cika kawowa a rai ba, taki. Kashin kajin gona ana sayar da shi buhu-buhu ga masu garka, kuma taki ne mai kyau babu musu, amma in an zuba shi ɗanye ba a bar shi ya ruɓe ya yi zafi ba, ƙwayoyin suna nan da ransu. Yanzu kuma lokacin salati ne da shu da tumatir, daga Mirya da Matamai da Gidimuni ake shigo da su, mu yanka mu zuba ƙuli da mai mu ci ɗanye. Wanda bai ci kaza ba tun sallar bara ma abin zai iya iske shi a faranti.

Kada wani ya ce wannan ciwon ƙasashen masu kuɗi ne. Babban binciken da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari a duk duniya in aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara yana kashe 420,000, a cikinsu 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Nan kusa da mu a Maradi an taɓa auna yara masu tamowa mai tsanani da aka kwantar, binciken ya fito a 2011, aka tarar kusan ɗaya cikin uku tun ranar da suka shigo suna ɗauke da ƙwayoyin hanji masu karya ƙarfin antibiyotik na allura irin su seftiriyakzon, wato daga gida suka zo da su. Kaji ba su kaɗai ba ne hanya, akwai shan magani barkatai da mu mutane muke yi, akwai ruwa, akwai rashin masai, akwai asibitocin kansu. Amma kaza ita ce dabbar da ke kwana da mu a gida ɗaya, tana shiga madafa tana tsoma baki a kwanon yaro.

Babba mai ƙarfi in ya kamu da irin wannan zawo yawanci kwana kaɗan ne ya miƙe, ruwan gishiri da sukari ya ishe shi. Wanda abin ke kayarwa shi ne yaro mai tamowa, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya tsotse wa jini, da mai amosanin jini, da tsoho. A jikin waɗannan Salmonella tana iya barin hanji ta shiga jini, a nan kuwa in maganin farko bai kama ba na biyu bai kama ba, lokaci ne ke ƙurewa. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin yara a Magarya ko a nan birni tsakanin Agusta da Oktoba ya san yawan irin yaran da nake nufi.

Kwanakin baya ɗan maƙwabciyata, yaro bai kai shekara biyu ba, ya kama zawo da jini da zazzaɓi. An ba shi siro na farko shiru, aka canza shiru, sai da aka kwantar da shi a wani asibiti aka koma allura mai tsada sannan Allah ya kawo sauƙi, uwar kuwa akuyarta ta tafi a ordonans. Da nake sabon ma'aikaci irin wannan ciwo kotirim, antibiyotik ɗin nan mai araha, shi kaɗai yake kwantar da shi. Daga kajin gidan ya ɗauka ko daga randa ko daga hannun wani, babu wanda ya auna, aka sallame su aka kira na gaba. Wannan rashin aunawar shi ne damuwarmu ta ƙarshe, likita yana canza magani da lalube saboda gwajin da ke nuna wane magani ne zai kama ƙwayar ba kowa ke iya kaiwa gare shi ba, ma'aikacin kiwo shi ma da ido yake aiki.

To ga abin da muke roƙo, kuma mun yi ƙoƙari kada mu roƙi abin da sai an jira Yamai ko wani mai ba da tallafi daga waje.

A sa kaji da zabi cikin rigakafi da gaske. Kowace shekara ana fita kamfen na allurar shanu da awaki da tumaki, madalla, amma dukiyar mace a ƙauye kaza ce. Rigakafin Niyukasal yana nan, ba shi da tsada, akwai ma irin da ke jure zafi wanda ake ɗigawa a ido. A fito da shi tun Oktoba kafin iska ta juya, a koya wa mata biyu ko uku a kowane gari da kowace unguwa yadda ake yi su riƙa karɓar ɗan abin hasafi a kan kowace kaza. Matar da kajinta ba sa mutuwa ba ta da dalilin ɓare kafso. In ba a yi wannan ba duk sauran surutu ne, ba za ka ce wa mutum ya daina abu ba alhali ba ka ba shi madadinsa ba.

A ware ƴan magunguna kaɗan, kolistin da enrofloksasin a kan gaba, a ce ba a sayar da su sai da takardar likitan dabbobi, kuma a daina ba wa lafiyayyun kaji antibiyotik da sunan riga-kafi ko ƙiba, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kenan tun 2017. Doka ma ba sabuwa za a ƙirƙiro ba, tun 2006 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, take da ƙa'idar cewa maganin dabbobi sai da izini yake shiga kasuwa. Ƴan duwan da ke Ɗan Barto da Magarya a ba su jerin sunayen da hotunan fakitin su san abin da suke nema. Amma don Allah kada abin ya ƙare a kan yaron da ke yawo da tire, a ƙwace masa kaya a ɗauki hoto a ƙona, manyan da ke shigo da katan-katan suna zaune lafiya. Mun sha ganin irin wannan, bayan sati biyu tiren ya dawo.

A fassara kwanakin jira da Hausa, boko da ajami, a manna a duk shagon da ke sayar da maganin dabbobi da abincin kaji. A ba ma'aikatan kiwo da na lafiya fili a gidajen rediyon garin nan su zauna tare a shiri ɗaya, mutane su bugo waya su yi tambaya, da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Abubuwan da za a faɗa ba su da yawa: a gasa nama har ciki ya daina ja, kada wuƙar ɗanyen nama ta taɓa salati ko albasa, a wanke hannu da sabulu bayan fiɗa, a raba makwancin kaji da inda yara ke wasa, a bar taki ya ruɓe kafin ya shiga garka.

Hukumar birni ta keɓe wa masu yanka kaji wuri a Kasuwar Dole da sauran kasuwanni, da daɓen siminti da famfo ko tanki da ramin zuba ƙazanta. Ana karɓar kuɗin tikiti a hannunsu kullum, to su ga amfaninsa.

Sannan a auna. Muna da Jami'ar André Salifou, muna da babban asibitin ƙasa a nan Damagaram, a Yamai akwai cibiyoyin gwaje-gwaje, LABOCEL ta dabbobi da CERMES ta mutane. A riƙa ɗaukar samfuri daga kajin kasuwa da ƙwai da kuma yaran da aka kwantar da zawo, ko sau biyu ne a shekara, a duba waɗanne magunguna ne har yanzu suke kamawa, ɗalibai su samu aikin bincike likitoci su samu haske. Sakamakon kuma kada ya tsaya a rahoton Faransanci cikin durowa kilomita 900 daga nan, a dawo da shi a karanta mana a rediyo, mu ne masu kajin mu ne masu yaran.

Ga Mai Martaba, Allah ya ƙara maka lafiya, roƙonmu a kira sarkin fawa da shugabannin masu kaji da masu gashi da masu unguwanni a ja musu kunne, limamai kuma su taɓo maganar a huɗuba, don sayar wa mutum kazar da ka san jiya ka ɗura mata magani ba ka faɗa masa ba algus ne, kuma malamai sun fi ni sanin hukuncinsa.

Abu ɗaya da muke jin tsoro shi ne a juya wannan magana ta zama ta tsorata mutane da kaza. Waɗanda suka ga 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, suna tune da yadda aka ƙaurace wa kaji da ƙwai da irin asarar da masu kiwo suka tafka. Yaranmu da tamowa ke addaba suna bukatar ƙwai da nama fiye da kowa, matasan da suka kama kiwo maimakon zaman banza ko tafiya Libiya a ƙarfafa musu gwiwa ya kamata a yi. Don haka in za a zauna kan wannan batu a kira su a zauna da su. Mu ƴan fadarmu a shirye muke, in an tashi fara koyar da rigakafin a fara da unguwarmu, za mu tara matan kuma za mu ba da tabarmi da wuri.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku. Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin lafiya, a madadin ƴan fada da ƙananan masu kiwon kaji
Unguwar Birni, Damagaram